Kwalbar Des ta Ƙarshe

"Fasa ta mana, Noelene. Ba ƙwai ba ce."

Noelene na tsaye a ƙofar ɗakin da guduma a hannu, kwalbar na naɗe cikin tawul a hammatarta. Des Kwok, maƙwabcinta, yana kwance an tokare shi da matasai, robar iska a hancinsa. Ma'aikaciyar jinya ta ce kada a bar shi shi kaɗai, 'yarsa Merrilyn kuwa tana hanya daga Sydney.

"Kai tsoho, bari 'yarka ta iso tukuna."

"Ita ta san fure? Ko na roba kashe shi take yi."

Da safen nan ɗan aike ya kawo kwalbar. Tun bara Des ya yi odarta daga wani ɗakin gwaji a Taiwan, inda ake tsirar da furen orkid na Asiya a cikin kwalba a rufe ruf, don masu duba tsirrai a kan iyaka ba sa barin ƙwayar ƙasa ta shigo. Ta wuce hannunsu lafiya, amma a mota ta sha jijjiga. Daskararren abincin da ke gindinta ya farfashe ya turmushe 'yan tsirran. In aka bar su haka ruɓewa za su yi.

Noelene ta kai kwalbar kicin ta buga mata guduma. Ƙarar ta kai har ɗakin Des.

"Ta fashe?"

"Ta fashe. Kana lafiya?"

"Ina rawa. Zuba su a ruwa mai ɗumi."

Hannuwanta na wankin otal ne, sun yi kanta, saiwoyin kuwa kamar zare. Ta tsinka ɗaya, ta tsinka na biyu, sai tsoro ya kama ta. Ta ɗauraye su sama-sama ta kai masa a faranti. Ya ɗaga ɗaya da ƙyar ya kai kusa da ido.

"Wannan mene ne a gindinsa?"

"Abincinsu ne. Na ce kar su kwana da yunwa."

Dariya ta zo masa ta koma tari, har sai da ta tallafe shi.

"Sukari ne, baiwar Allah. A kwalba abinci ne, a waje fumfuna zai riga su ci, ya haɗa da su. Koma ki wanke tas."

"Ba inda za ni. Ji yadda ƙirjinka ke yi."

"Ƙirjin ya gama nasa. Su yanzu suka fara." Ya lumshe ido. "Ki bar ƙofa a buɗe, ki riƙa ba ni labari."

Ta koma. Ta sami tsohon buroshin haƙori tana bin kowace saiwa a hankali, kunnenta na ɗaki.

"Yaushe za su yi fure, Des?"

"Shekaru. Ke ma sai kin dage."

"Wane launi?"

"Kore-kore. Ba shi da kyan gani. Ƙamshin ne..."

Ta jira sauran. Motar shara ta wuce a titi, karen gidan gaba ya yi haushi ya gaji.

"Ƙamshin me? Des?"

Injin iska kaɗai ke huci.

Ta shiga da ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta. Kansa ya karkata wajen taga, inda rumfar furanninsa take. Ta kira shi sau biyu, ta taɓa wuyansa. Sannan ta goge hannu a siket ta rufe masa ido, ta kashe injin. Ta buga wa ma'aikaciyar jinya waya. Ta buga wa Merrilyn ta ce mata ta sami wuri ta tsaya da mota tukuna.

Ta zauna a bakin gadon tana kuka, har ta tuna rabin tsirran na nan cikin ruwa da sukari a jiki. Ta ɗauko kwanon da buroshin ta dawo kusa da shi, don an ce kar a bar shi shi kaɗai.

Da Merrilyn ta turo ƙofa, ta tarar da ita a kujera da kwano a cinya. A gefen bargon, kusa da hannun mahaifinta, an shimfiɗa jarida, 'yan tsirrai kwance a jere suna shan iska, saiwoyinsu fari fat.