Likkafanin Gwaggo

Takalman Lauratu suna nan a bakin ƙofar ɗakinta, kwana uku da rasuwarta, ba wanda ya ɗauke. Bahijja ta lura da na hagun tana wucewa: an tsaga bakinsa da reza don ya ƙara faɗi. Ta kau da kai, ta danna ɗan carbin roba mai ƙirga da ke maƙale a yatsarta. Dubu huɗu da ɗari bakwai tun asuba.

Ta san dalilin tsagar. Ita ta riƙa zuba ruwa ranar da Gwaggo, yayar mahaifinta, ta yi wa Lauratu wanka. Shekara arba'in Gwaggo tana wanke matan unguwar Koki idan sun cika, kuma tun da gwiwa ta fara hana ta durƙuso take tafiya da Bahijja. Ita Gwaggo ba ta riƙe carbi. Tana dakan ganyen magarya leɓenta na motsi, tana shara yana motsi, ko ana yi mata magana ba ya tsayawa.

"Yau nawa na'urar taki ta ce?" takan tambayi Bahijja tana tsokana. "To a cikin dubban nan, sau nawa kina wurin?"

Doka ɗaya ta kafa mata: abin da ido ya gani a ɗakin wanka, tare da ruwan yake tafiya.

Watan jiya Gwaggo ta shigo ɗakin Bahijja da wani ƙunshi a hammata, farin yadi ne da kafur da turare. "Sa mini a akwatinki," in ji ta. "Ke za ki wanke ni. Akwai abin da ke jikina da ba na so wani ido ya gani sai naki." Bahijja ba ta taɓa samun abin da ya kai wannan ba, ko takardar digirinta.

Yau sadakar uku. Tsakar gidan ta cika da mata, ana zagayawa da gumba a faranti, hadari ya haɗo ta gabas har hasken rana ya yi duhu-duhu. Bahijja ta sami gefen tabarma ta zauna. So take ta cika dubu biyar kafin a kira azahar.

Hajiya 'Yardada, maƙwabciyar mamaciyar, ta gyaro zama har kafaɗarsu ta haɗu.

"'Yar Gwaggo, sannunku da aiki, Allah ya ba da lada. Baiwar Allah Lauratu! Shekara biyu kullum da safa a ƙafa, ko a zafin nan da ake narkewa. Har tsokanarta nake yi, ina cewa ko ƙwallo za ta buga. Ashe sanyi ne ya kama ta."

"Astagfirullah," in ji Bahijja, idonta a kan lambobin. "Ba sanyi ba ne, Hajiya. Astagfirullah. Ƙafar ce ta ruɓe har ƙauri."

Sai da ta ƙara dannawa biyu sannan ta ji abin da bakinta ya faɗa.

"Ruɓewa? Inna lillahi! Shi ya sa ɗakin nan kullum cikin turaren wuta!" Hajiya 'Yardada ta riga ta juya wajen ta kusa da ita. Bahijja tana kallon maganar tana bin tabarmi, kai na sunkuyawa kusa da kai, har ta isa inda Husaina take, 'yar Lauratu, wadda ta yi shekara biyu tana wanke ciwon nan ƙofa a kulle. Husaina ta ajiye farantin gumba. Ta tashi ta ɗauke takalman uwarta ta shige ɗaki.

Gwaggo na jingine da bango, taku uku tsakaninsu. Ba ta dubi Bahijja ba. Leɓenta dai ya tsaya cak, abin da Bahijja ba ta taɓa gani ba.

A lungun komawa gida iska ta fara kaɗa ledoji. Gwaggo na gaba tana ɗingishi, Bahijja na biye.

"Gwaggo, wallahi istigfari nake yi. Ban san lokacin da ya fita ba."

Gwaggo ta ci gaba da tafiyarta.

"Zan koma in ba Husaina haƙuri. Gwaggo, don Allah ki yi mini faɗa."

Da suka shiga gida, Gwaggo ba ta nufi rumfa inda ta saba hutawa ba. Ta ɗaga labulen ɗakin Bahijja. Daga tsakar gida Bahijja ta ji ƙarar murfin akwati, ta ji nishin tsohuwa mai durƙusawa da ƙyar. Ƙamshin kafur ya riga Gwaggo fitowa.

Ƙunshin na ƙarƙashin mayafinta, ta danne shi da hannu ɗaya. Ta zura takalmanta a hankali, ta ratsa ta gefen Bahijja, leɓenta ya koma motsinsa. Yayyafi na fara sauka a kan kwano ta bi ta soro ta fita.