Fuskar Juliana a Bayan Gilashi

"Baba, a sauke hannu don Allah," in ji ma'aikaciyar gidan. "Nan ba a taɓawa."

Baba Nathan bai sauke ba. Tafinsa na kan gilashin, yana shafawa sannu sannu kamar mai lallashin akuya. Naomi, maƙwabciyarsa mai tuwon sayarwa, wadda ta ɗauko shi a keke napep tun daga unguwar Trikania, ta kama gwiwar hannunsa.

"Ina take?" ya tambaya.

"Ga ta nan a gabanka, Baba. Tsakaninku bai kai kamu ɗaya ba."

"Ni sanyi kawai nake ji."

Abin da ke cikin akwatin gilashin kan mace ne na yumɓu, jajaye-jajaye, da ɗan tabo a saman gira. Baba Nathan ne ya gina shi da hannunsa, zamanin yana zana furannin atamfa a masaƙar Kakuri. Matarsa Juliana ta zauna masa Lahadi huɗu tana tsintar wake, tana yi masa tsiya. Bayan rasuwarta ɗakinsa ya soma yoyo, sai ya kawo kan nan wannan gidan ajiye zane-zane da aka buɗe a tsohon siton auduga, ya sa hannu a takarda ya bar musu. A tunaninsa duk mako zai riƙa zuwa yana kallonta. Bai kawo wa ransa cewa ido ma yana yin ritaya ba. Shekara uku ke nan rabonsa da gani.

Shi ya sa da aka yi shela a rediyo cewa gidan zai yi Ranar Taɓawa domin makafi, ya sa aka goge masa kwat ɗinsa ta coci.

Ma'aikaciyar, Joy sunanta, ta nuna wani dogon tebur a tsakiyar zauren. Makafi kamar goma sun kewaye shi suna lalube suna dariya. Akwai ganga, da ƙwarya mai zane, da kawunan mutum-mutumin Nok na siminti da aka kwaikwaya.

"Waɗancan aka ware, Anti. Wannan kuwa wuyanta ya tsage. Makullin ma yana wurin shugabanmu, Oga Benjamin, shi kuma yana Abuja."

"Ni na yi ta fa, 'yata," in ji Baba.

"Na sani, Baba. Ga sunanka a jiki."

Naomi ta duba 'yar takardar da ke manne a jikin gilashin. Sunansa ne, da shekarar haihuwarsa, sai wani ɗan gajeren layi, bayansa kuma fili fari, wurin shekarar rasuwa, ba a rubuta komai ba. Ta kau da kai.

"Ku rubuto wasiƙa," in ji Joy. "Ni da kaina zan ajiye masa a tebur."

A cikin keke, suna ratsa ramukan hanya, suka wuce kasuwa. Can Baba ya ce, "Naomi, kin san abin da ke damuna? Tana zubewa. Bara kunnuwanta suka tafi. Kwanan nan na kwana uku ina neman hancinta a cikin kaina, ban same shi ba. Muryarta tana nan, zagi ɗaya bai ɓace ba. Fuskar ce. In na je can ban gane ta ba, wallahi sai ta kashe ni karo na biyu."

Naomi ta yi dariya don ya ji, ta share ido da bakin zane.

Aka rubuta wasiƙa. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Ƙafafun Baba suka kumbura har silifa ta daina shiga. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi da ƙwayoyi a leda. Kwat ɗin nan tana rataye a ƙusa, kullum sai ya sa an kakkaɓe ta.

Asabar ta uku Naomi ta bar wa ƙanwarta tukunyar tuwo, ta koma gidan ita kaɗai.

"Bai dawo ba, Anti," in ji Joy tun kafin ta zauna. "Sun ce taro ya ƙaru."

"Mutumin nan ba zai kai wata ba."

Joy ta ciji leɓe. A bayanta, cikin farfajiya, an jera benci. Ashe duk Asabar ana raba wa baƙi yumɓu kowa ya gina abin da ya ga dama. Wasu 'yan mata na yin tukwane karkatattu, wani mai shigar ma'aikatan banki yana fama da abin da ya ce doki ne.

Naomi ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, "Ba ni curi ɗaya. Babba."

Joy ta kai mata kujera har gaban gilashin, abin da ba a yi. Naomi ta zauna ido cikin ido da Juliana, matar da ba ta taɓa sani da rai ba. Hannunta ya saba da malmala, shekara ashirin tana yi, amma malmala ba ta da gira. Ta gina, ta rushe, ta sake. Da la'asar ta yi, abin da ke cinyarta ya ɗan yi kama da mutum, in an yi masa adalci.

"Doka ita ce a bar aikin baƙi a nan ya bushe," in ji Joy. Sai ta juya baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Naomi ta naɗe kan a jiƙaƙƙen zane, ta sa a kular tuwo, ta riƙe a ƙirji har gida.

Ta tarar da Baba a jingine da filo biyu. Ta ɗora masa a cinya, ta kai hannuwansa. Ya lalube goshi, ya gangaro kumatu, ya tsaya.

"Naomi."

"Baba."

"Wannan matata ce ko doya?"

"Iyakar ƙoƙarina ke nan, Baba. Ni ba injiniya ba ce."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Amma bai ɗauke hannu ba. "Miƙo ruwa a kofi," ya ce.

Ya tsoma yatsu. Abin mamaki, hannun da cokali yake gagara ya daina rawa. Babban yatsansa ya danna nan, ya ja can, kuncin hagu ya fito. Da farce ya tsaga ɗan tabon saman gira.

"Tartsatsin itace ne, ranar bikin ƙanenta," ya ce. "Ta ce ni na ja mata, don ina kallonta."

Naomi ta ga leɓen da ta bari a gilashi yana fitowa a ɗakin nan, ya ɗan karkace kamar mai shirin faɗar magana.

Sai yatsan ya iso tsakiyar fuska. Ya tara yumɓu, ya ja shi sama, ya murƙushe. Ya sake, ya murƙushe.

"Ke kin gan ta yau. Yaya hancin yake?"

Naomi ta buɗe baki. Wuni guda ta yi tana kallon hancin nan. Ta ciro waya ta duba hoton da ta ɗauka, ta ƙura masa ido.

"Hanci ne dai, Baba. Ba babba ba... ba kuma ƙarami ba."

"Mai tsini?"

"Kaɗan. A'a. Ban sani ba, Baba."

Ya bar yatsansa a wurin, ya daɗe.

"Rufe ta kar ta bushe," ya ce. "Gobe."

Washegari Lahadi. Da Naomi ta dawo daga coci da tsakar rana, ta leƙa da kwanon kunu. Ta tarar ya janye zanen da kansa, kan yana cinyarsa, hannunsa a kai. Ta kira shi sau uku. Sannan ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali, ta fita ta kira mazan gidan.

Da kwat ɗin aka binne shi ranar Laraba. Ranar Alhamis wayar Naomi ta yi ƙara.

"Anti, albishir! Oga ya yarda. A kawo Baba Litinin ƙarfe goma. Minti biyar aka ba shi, amma sai ya sa safar hannu."

Naomi ta ce ta gode. Joy ta yi ta cewa "Anti? Anti?" har ta gane da kanta.

Kan yana tagar Naomi har yau. Ba ta kai shi an gasa ba, don bai ƙare ba. Kowace safiya kafin ta hura wuta sai ta yayyafa masa ruwa, duk da haka goshin ya soma tsagewa. A inda hanci zai zauna akwai ɗan rami, daidai faɗin babban yatsa. Wani zanzaro ya gano wurin. Yakan sauka a bakin ramin, ya ɗebi yumɓu ɗan mitsitsi, ya tashi da shi can saman ƙofa inda yake gininsa, ya dawo.