Hoton Kabarin Mu'awiya

Sharifa ta dawo daga Italiya da jaka shaƙe da tsaraba, amma abu ɗaya tak mahaifinta Zailani yake jira. Hoto ne. Hoton kabarin ƙaninsa Mu'awiya, wanda zafin rana ya kayar a gonar inabi lokacin da su biyun suke ƙwadago a can, kafin Zailani ya ci cacar biza ya haye teku, ya ƙare a unguwar Tremont yana tuƙa tasi. Inna, mahaifiyarsu, tana Gumel, ciwo ya kwantar da ita tun azumi, ba ta roƙon komai sai a nuna mata inda ɗanta yake kwance. Shi ya sa da Sharifa ta ce za su je hutu Roma da 'yan asibitin da take aiki, ya matsa mata lamba sai da ta nemo yawon yini guda da motarsa ke tsayawa a garin da aka binne Mu'awiya.

Ranar Lahadi bayan azahar ta haɗa wayarta da talabijin. Kai, yarinyar nan ta iya jan rai! Ta fara da garuruwa a kan duwatsu, lunguna ƙanana, tsofaffi zaune a bakin ƙofa. Ga cuku kamar turmi, ga taliya ana murzawa da hannu, ga mai yi musu jagora, wata doguwa da lema ruwan ɗorawa, duk inda ta ɗaga ta sai a bi ta yuuu.

"Ke, wannan jan abin a kofi fa?" in ji Balki, uwarta, tana nuna allon da cokali.

"Mama, giyar ƙawata ce. Ni ruwa na sha, wallahi."

"Kuma kika zauna a teburin?"

Zailani kuwa layin inabin da ke bayan teburin yake kallo. Ya san ƙasar nan, ya san yadda take ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi.

Sharifa ta ce, "Matar ta gaya mana inabinsu da hannu ake tsinkarsa, tun kaka da kakanni."

"Da hannu kam," in ji shi. "Ba ta ce hannun wa ba?"

Sharifa ta wuce hoton da sauri. Man zaitun, burodi, wata majami'a, wani karen da ke barci. Kare! Zailani ya ji ransa ya ɓaci. Ya san 'yarsa, ba ta da yawan surutu sai in tana kewaye magana.

"Sharifa, kin je maƙabartar ko ba ki je ba?"

Ta ajiye wayar a cinya. Ta fara da Turanci, kamar yadda take yi duk lokacin da abu ya yi mata nauyi.

"Yi min Hausa."

"Na je, Abba. Suna shiga ɗanɗana giya na sulale, na hau tudun da gudu. Na bi kwatancenka, layin ƙarshe jikin katanga. Ba Baffa Mu'awiya ne a wurin ba. Wata tsohuwa ce, da hotonta a jikin dutse."

"Kin ɓata layi ne."

"Ban ɓata ba. Na samu mai kula da wurin, muka yi magana waya na fassara mana. Ya ce su a garinsu mutum shekara goma yake yi a ƙasa. In ta cika sai a liƙa sanarwa a bakin ƙofa, a tono shi. In dangi sun zo, a sa musu ƙasusuwan a ɗan akwati a jikin bango. In ba kowa, akwai wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa da ake zuba na kowa da kowa."

Ta danna wayar. Wani murfin ƙarfe ya cika talabijin, mai tsatsa, a tsakiyar siminti.

Balki ta saki cokali ta ɗauki salati. Zailani kuwa, shi da hannunsa ya yi wa yaron nan wanka. Shi ya shiga ramin, ya kwantar da shi a kan damansa, ya juya fuskarsa alƙibla, ma'aikatan gona suka yi sahu a bayansa da kayan aiki a jikinsu. Ya bar ƙasar da nutsuwa ɗaya, cewa ya ajiye ƙaninsa inda zai kwanta har tashin ƙiyama. Wa ya taɓa jin an ba mamaci wa'adi kamar ɗan haya?

"Ba wanda ya gaya min," ya ce. "Wallahi ba wanda ya gaya min." Baƙin ciki ya rufe shi, ga kunya, ga haushin da bai san wa zai ɗora wa ba.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Saƙon ƙanwarsa Habiba ne, wadda ke jinyar Inna. Ta ce Inna ta ƙi cin komai, tun safe take tambaya ko jikarta ta dawo.

Ya miƙa hannu, Sharifa ta ba shi wayarta. Ya yi ta komawa baya, ya wuce murfin, ya wuce majami'ar da karen, har ya tsaya a kan wani hoto da ba kowa a ciki: busasshiyar ƙasa, ɗan tudu, itacen zaitun ya rufe shi da inuwa.

"Abba," Sharifa ta ce a hankali, "nan bayan wurin da muka ci abinci ne."

"Na sani."

"Baban Sharifa, ka ji tsoron Allah," in ji Balki.

"Ina ji."

Ya tura wa Habiba hoton. Motar asibiti ta wuce a titi da jiniya. Can sai ga saƙon murya. Ya danna, muryar Inna ta fito, siririya, tana numfashi da ƙyar.

"Alhamdu lillahi. Wuri mai inuwa. Allah ya yi maka albarka, Zailani, ashe ba ka wulaƙanta ɗan'uwanka ba."