Ba a Ci Gaban Suruki

Hindatu tana kokawa da bel ɗin kujerar baya lokacin da ta ji 'yarta Amal ta ce wa mijinta ya nemi wurin ajiye mota ya same su a ciki. Hannunta ya tsaya cak a kan ƙarfen. Ba haka aka yi da ita ba. Abin da aka faɗa mata a gida, unguwar Manfuha, shi ne Kamil zai sauke su ya wuce, su biyu su ci abincinsu, ya dawo ya ɗauke su kafin magariba.

Shi ma Kamil ɗin ya so ya zame. Ya ce akwai wani aiki da ya bari a ofis. Amal ta amsa masa da Larabci, irin na 'yan Riyad mai gudu, wanda Hindatu ke tsintar rabi ta bar rabi duk da shekara ashirin da shida da ta yi a garin. Ta dai tsinci kalmar jibi, ta tsinci kalmar iyali. Kamil ya zuba wa sitiyari ido. Mutumin kirki ne, ɗan Damagaram, karatu ya kawo shi ya zauna, kuma ya san abin da ya kamata. Sai dai sanin ya kamata bai taɓa cin gardama da Amal ba.

Jibin kuwa gaskiya ne. Wata bakwai ke nan da rasuwar Malam Isma'il, mijin Hindatu, wanda ya yi aikin tafinta a wani ofishin jakadanci har ranar da zuciyarsa ta tsaya. Iƙamar Hindatu, takardar zamanta a ƙasar, a ƙarƙashin sunansa take. Ta gama takaba, aka yi ta jan ƙafa da takardu iya jan da za a iya, daga bisani aka buga mata fita ta ƙarshe. Jibi da hantsi jirgi zai kai ta Kano, inda autanta Imran yake karatu. Amal kuwa iƙamarta ta riga ta koma hannun mijinta, nan za ta zauna a garin da aka haife ta. Ba wanda ya san ranar da za su sake haɗuwa. Hindatu ta san wannan abincin shi ne sallamarsu, shi ya sa ta fito da abayarta ta zuwa biki, kuma ta ƙi cin komai tun safe don ta ci da yawa yarinyar ta ji daɗi.

Gidan abincin yana cikin wani jerin shaguna a arewacin gari. An shafe bangonsa da ruwan ɗorawa da shuɗi, an rarrataye wasu faffaɗan malafuna irin na makiyaya, kiɗa yana tashi ƙasa-ƙasa. Hindatu ta waiga dama da hagu tana neman ɓangaren iyali mai labule, irin wanda aka saba da shi a da. Babu shi. Kowa a fili yake, maza da mata, an kama abinci da hannu biyu miya na bin yatsu, ba mai kallon wani.

Amal ta je kanta ta faɗi abin da take so ba tare da ta ɗaga kai ta kalli allo ba. Da ta dawo ta zauna sai ta fara ba da labari, fuskarta a sake. Nan ne wurinsu ita da Abba, mahaifinta. Duk Alhamis ɗin farkon wata, idan ya ɗauko ta daga jami'a, nan suke biyowa. Shi ne yake cewa wannan abincin mutanen Meksiko ne da ya ƙetara Amurka ya koyo almubazzarancin cuku. Amal tana faɗa kamar wadda ke tona wani babban asiri. Hindatu dai ta yi murmushi. Wai ita za a ɓoye wa? Mutumin da zai dawo rigarsa na ƙamshin albasa da hayaƙi, ya zauna yana juya tuwonta da yatsa yana cewa zafin gari ne ya hana shi ci. Ta sani tun watan farko, ta ƙyale su da sirrinsu.

Kamil ya shigo daidai lokacin da aka kawo abinci. Ya ja kujera can bakin teburi ya ɗosana, ya karkace jikinsa ya fuskanci bango, kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Aka ajiye masa wani ƙaton naɗi na gurasa cike da shinkafa da baƙin wake. Na Amal soyayyen dankali ne da aka binne cikin narkakken cuku da gasasshen nama. Faranti na uku ita da kanta ta karɓa, ta tura shi gaban mahaifiyarta da hannu biyu. Wasu 'yan siraran gurasar masara ne guda uku, an lanƙwasa kowacce, an cika ta da naman da ya dahu har ya zama zare-zare, ga albasa, ga dakakkiyar fiya, ga yankan lemun tsami a gefe.

"Tako sunansa," in ji Amal. "Shi Abba yake ci, bai taɓa canzawa ba. Ina so ki ɗanɗana abin da yake ci kafin ki tafi."

Ƙamshin ya daki hancin Hindatu, cikinta ya amsa. Ta ce wa hannunta ya tashi, hannu ya ƙi. A Gumel inda ta girma mace ba ta motsa baki a gaban mijin 'yarta, ko da ruwa ne. Mahaifiyarta ta taɓa shiga mota ɗaya da Isma'il daga Gumel zuwa filin jirgin Kano da goro a kumatunta, ba ta tauna shi ba sai da ta ga bayansa ya shige. A Manfuha abin bai taɓa zama magana ba, domin idan Kamil ya zo a falo ake kai masa nasa, mata su ci a ciki, yadda rabin garin yake yi. Yau ce rana ta farko da aka zaunar da su a teburi ɗaya.

Hindatu ta ce alhamdu lillahi, ta ƙoshi. Amal ta ce tare suka yini suna ɗaure kaya, ko shayi ba ta ga ta sha ba. Hindatu ta ce to a bari ya huce tukuna. Kamil ya miƙe wai zai ɗebo tishu, ya je ya tsaya gaban kanta yana karanta allon abinci tun daga sama har ƙasa, sai da Amal ta ɗaga murya ta kira shi ya dawo. Shi ma bai taɓa nasa ba, domin kunyar ba ta mutum ɗaya ba ce. Amal ta ɗauki dankali ɗaya ta kai baki, ta kalli wannan, ta kalli wancan, ta mayar da shi faranti.

Ba wai ba ta san al'adar ba ce. Ta sani sarai, Abba ya sha yi mata bayani. A ganinta dai abu ne da ake iya cirewa a ajiye na yini ɗaya, kamar takalmi a bakin ƙofa. Da ta buɗe baki muryarta ƙasa take, da Hausarta mai ɗan nauyin Larabci.

"Umma, shekarata ashirin da huɗu ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ke, yarinyar nan, yayar Imran. Aka ce ni ce 'yar fari, kunya ce, na haƙura. Imran kuwa sau talatin kike kiransa kafin azahar. Ranar da na gama jami'a a bayan mutane kika tsaya, hoton ma rabin fuskarki ne. Ban taɓa roƙonki komai ba. Yau na roƙa. Loma ɗaya, Umma. Jibi za ki tafi."

Amsoshi suka cika bakin Hindatu. Wa ya taka rana daga Manfuha zuwa kasuwar Bat'ha har sau uku don neman kalar yadin da yarinyar ta taɓa nunawa sau ɗaya a waya? Wa yake tsame mata tsokar da ta fi laushi ya tura ƙarƙashin shinkafa tun tana ƙarama? Hoton da ake cewa rabin fuska ne, yana cikin jakarta yanzu haka, tare da fasfo. Amma waɗannan ba abubuwan faɗa ba ne. Uwa ta zauna tana lissafa wa 'yar farinta son da take mata, kuma a gaban suruki, ai gara ƙasa ta tsage. Tana son yarinyar nan fiye da yadda take son kowa a duniya, kuma ba ta da hanyar fitar da shi ta baki. Ta lalubi abin da za ta ce, ta ɗauko mafi muni.

"Ana kallonmu," ta ce.

Amal ta gyaɗa kai a hankali, ta miƙe, ta nufi banɗakin mata ba ta waiwayo ba.

Kamil ya bari ta shige, sannan ya ce, idonsa a ƙasa, yana jin ya tare wa wani hanya a wurin ajiye mota, zai jira su a can. Ya ɗauki farantinsa da na matarsa ya kai kanta a naɗe musu. Na Hindatu ya bar mata shi a gabanta, ko kallonsa bai yi ba. Ta sa masa albarka a zuci har ya fita.

Ta yi bisimilla ta ɗauki na farko. Gurasar ta yage a hannunta, romo ya gangaro har wuyan hannun abayar bikin. Ba ta damu ba. Naman ya narke a bakinta, tsamin lemun ya biyo baya, can sai barkono ya taso ya kama harshe. Abin da daɗi, wallahi da daɗi, ta yafe wa Isma'il duk tuwon da ya bar mata. Ta hango shi zaune a nan, hularsa a ture, yana kiran yarinyar da sunanta ƙarara, suna dariya. Hawaye suka zubo, ba ta tsaya bambance na barkono da na kewa ba. Ta ci na biyu a hankali tana kallon ƙofar banɗaki, tana so yarinyar ta fito ta same ta da loma a baki. Ƙofar ta buɗe, wata ce daban. Ta ci na uku, tana jan lokaci iya yinta, har ta suɗe romon da guntun gurasar ƙarshe.

Ta tura farantin tsakiyar teburi ta daidaita shi. Ba komai, in ji ta a ranta, ga shi nan fes, zai faɗi abin da ita ta kasa. Ta sunkuya tana laluben hankici a jaka don ta gyara fuskarta. Kafin ta ɗago, wani ma'aikaci ya riga ya ɗora farantin a kan tulin wasu, yana goge teburin da tsumma, domin mutane sun yi layi suna jiran wurin zama. Ta ɗaga hannu. Ya yi mata murmushi ya ce shukran, ya tura kekensa ya shige kicin. Ta yunƙura za ta bi shi, sai ta hango kanta, dattijuwa da abayar biki tana bin ƙazamin faranti a gaban jama'a. Ta koma ta zauna. Jim kaɗan ya dawo ya ajiye mata jakar takarda da abincin da Kamil ya ce a naɗe.

A haka Amal ta same ta. Ta wanke fuska, idanun sun yi ja, amma ta huce. Ta kalli teburin da aka goge tas, ta kalli jakar.

"Kin sa an naɗe," ta ce.

"Na ci," in ji Hindatu. "Duka ukun na cinye."

Amal ta yi wani murmushi na gajiya, wanda ya fi faɗan ɗazu ciwo. Ta ɗauki jakar, ta miƙa wa mahaifiyarta ɗaya hannun don ta tashi.

"Ba komai, Umma. Ba sai kin faɗi haka don ni ba. Ni ce na matsa miki, ki yafe ni."

Suka fito. La'asar ta yi sanyi, motoci sun fara cika titi. Hindatu tana biye da ita tana haɗa maganar a ranta. Za ta ce mata ta buɗe jakar ta ƙirga, kwali biyu ne kawai a ciki. Da sun isa gida, bayan idon Kamil, za ta faɗa. Tana cikin haka Amal ta tsaya gaban mai gadin shagunan, wani dattijo da ke zaune a kan kujerar roba, ta miƙa masa jakar da hannu biyu. Ta ce sadaka ce, ba wanda ya taɓa shi, ya yi wa mahaifinta Isma'il addu'a. Dattijon ya karɓa ya ɗaga hannu yana roƙa wa mamacin rahama.

Hindatu ta ce amin. Ba a buɗe sadakar mamaci a ƙirga.

Kamil ya matso da mota. Amal ta buɗe mata ƙofar baya, ta jira ta zauna, ta tattara mata gefen abaya ciki. Sannan ta sunkuyo ta ce idan sun isa gida za ta dafa mata shayi da ɗan wani abu, kada ta kwana da yunwa.