Na Ashirin da Ɗaya

A shekarar da ta biyo bayan komawar sojoji bariki, wani otal a Ikeja, cikin Legas, ya ce zai riƙa sayen latas da alayyafo a hannun masu lambun Abule Egba, amma sai sun yi rajista. Shugabansu, Malam Sanda, ya je Agege wurin wata lauya 'yar kudancin Kaduna, Barista Christy. Ta tambaye shi su nawa ne, ya jero mata sunaye, suka tashi ashirin cif. Ta ce madalla, doka ta yarda mutum ashirin su yi tarayya a kasuwanci, ko ɗaya ba a ƙarawa.

Ranar sa hannu, mutum ashirin da ɗaya suka sauko daga danfo, ƙaramar bas ɗin haya.

Na ashirin da ɗayan shi ne Jumare, ɗan farin Malam Sanda, magidanci mai 'ya'ya biyu. Shi ke tayar da injin ban ruwa, shi ne ma ya fara kai latas ƙofar otal ɗin. Amma tun da aka haife shi uban bai taɓa kama sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. In yana kiransa ya ce "kai", in yana zancensa ya ce "wancan". Da ya zo jero wa lauya mutane, bakinsa ya tsallake shi kamar yadda ya saba. Jumare bai yi mamaki ba. Sai dai ya san duk wanda sunansa bai shiga ba, ba shi da kaso a cinikin otal, ya koma ɗan ƙwadago a lambun da ya share da hannunsa.

Barista ta ƙirga su sau biyu, ta cire tabarau. Ta ce in sun haura ashirin, sai dai su buɗe kamfani, da sakatare da akawu mai duba lissafi duk shekara. Ko kuma su kafa ƙungiyar gama kai, jami'an gwamnati su zo su ga gonar. Wannan bai yi wa kowa daɗi ba, don lambun a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki yake, ba wanda ke son gwamnati ta gan shi da kyau.

Yari, wanda bakinsa ba ya zama, ya tambaya ko za a iya haɗa ramammu biyu a rubuta su mutum ɗaya. Ta ce a'a. Ya ce to Boubacar fa, ai rabin shekara a Maraɗi yake yi. Boubacar ya ce rabin da yake nan ya fi shekarar Yari aiki.

Jumare ya jingina da bango yana jira. Ya san ubansa ba zai nema masa wuri a gaban mutane ba, shi kuma ba zai nema wa kansa a gaban ubansa ba. Sauran suka zuba wa tabarmar roba ido.

Can Malam Sanda ya gyara hula.

"Barista, cire nawa sunan. Ki sa wancan."

"Wane ne wancan, Baba?"

"Wancan dai."

"Baba, doka ba ta san wancan ba. Suna take so."

Malam Sanda ya ɗaga kai yana duban fanka. Ya ce na jikin bango. Mutum shida ke jikin bango. Ya ce mai takalmin roba. Biyar daga cikinsu takalmin roba ne a ƙafarsu, na shidan ya cire nasa a ƙofa.

"Jumare yake nufi," in ji Yari. "Ɗansa ne. Ba ya iya faɗa."

Barista ta dubi uban, ta dubi ɗan, ta tambaya ko rigima suka yi. Aka ce mata lafiya lau suke. Ta rubuta, ta miƙa wa Jumare biro. Sannan ta bayyana wa Malam Sanda cewa daga yau, a idon doka, ba shi da ta cewa a harkar, sai abin da masu tarayya suka ga dama. Ya ce ya ji.

A bakin titi, suna jiran danfo, Jumare ya matsa kusa da shi yana neman yadda zai fara godiya. Malam Sanda bai juyo ba.

"Kai, fangalin gabas bai sha ruwa ba."

"To, Baba," in ji Jumare.