Dishi-dishi a Hoton Malam Dabo

Uwaisu mai hoto ya ɗaga fim ɗin saitin taga. Wannan ma dishi-dishi. Malam Dabo ne a ciki, tsohon malamin garin Makoda wanda 'ya'yansa suka roƙa a ɗauke shi tun yana iya zama, amma ba a bambance ido da gira.

A duk Ɗambatta shi kaɗai ya rage da irin wannan kyamara, akwati mai ƙafa uku da ake lulluɓa da baƙin ƙyalle ana saita hoto a gilashin baya. Ya goge idon kyamarar, ya ɗaure ƙafafun tamau, ya sake gwadawa a tsakar gida. Babu canji.

Sai ya daina zargin kyamara. Haka mahaifinsa tela ya fara, yana cewa allurar zamani ba ta da kafa, kafin shekara ta zagayo ana ja masa sanda. Uwaisu ya rufe ido ɗaya ya dubi bishiyar darbejiya, ya rufe ɗayan.

'Yarsa Ikilima, malamar firamare, ta dawo ta tarar bai taɓa tuwo ba.

"Baba, lafiya?"

"Shiga ƙyallen nan ki saita mini damman geron can. Kada ki tambaye ni."

Ta saita, ya ɗauka. Ya shiga ɗakin wankin hoto da fim ɗin. In nata ya fito tar, to idonsa ne ya tafi.

Nata ma dishi-dishi.

Ya zauna daɓas yana salati. Da numfashinsa ya dawo ya kwance gilashin baya, wanda wani mai gyara a Kano ya sauya masa bayan ya fashe a kan babur. Ashe a juye aka sa shi, gefen mai kaushi yana waje. Ya gyara masa zama ya sake ɗauka, damman geron suka fito har ana ganin zangarniya.

Washegari shi da Ikilima suka je Makoda, suka tarar jikin Malam ya ƙara tsanani, sai da aka tokare shi da matashi. Uwaisu ya shiga ƙyalle ya daɗe, sannan ya fito.

"Ikilima, zo ki leƙa. Kin ga gemun sosai?"

"Na gani, Baba."

"Sake dubawa."