Ƙyauren Banɗakin Baba

Kwana huɗu da sallamo Baba daga asibiti, Auta ta gano abin da tsohon yake yi: ya daina shan ruwa. Kofin da ta ajiye masa da safe shi take tararwa da la'asar, ko kurɓa ɗaya bai yi ba. Likita kuwa ya ja musu kunne cewa ƙodarsa ba za ta jure ƙishirwa ba.

"Baba, ruwan fa?"

"Ba na jin ƙishi."

Ina! Leɓɓansa sun bushe har sun tsage. Mutumin da ya shekara arba'in yana aikin kafinta, yau ga shi a keken guragu tun da ƙafafu suka ƙi. Auta ta san halin ubanta sarai. Ba ruwan yake ƙi ba, shiga banɗaki yake gudu.

Abin da ya ɗaure mata kai shi ne an riga an gyara banɗakin. Yayanta ya kawo magini tun Baba yana asibiti, aka faɗaɗa ƙofa, aka fasa dokin ƙofa aka daidaita shi da daɓe, aka kafa ƙarfen dafawa a bango, aka sa sabon ƙyaure mai faɗi. Duk wanda ya zo dubiya sai Yaya ya ja shi ya nuna masa aikin.

"Da hannuna na auna keken," in ji Yaya. "Har da rarar inci huɗu. Rigimar tsufa ce kawai."

"Ka auna shi, Yaya. Ka taɓa zama a ciki?"

Da Baba ya kwanta barcin rana, ta jawo keken ta zauna, ta tura kanta. Ta shige ƙofar sumul. Ta miƙa hannu za ta rufe, ƙyaure ya daki taya. Ta matsa gaba, gwiwarta ta tokari masai. Ta karkace, ya sake dukan taya. Tirƙashi! Ashe ƙyauren ciki yake buɗewa, in keke ya shiga babu ta inda zai bi ya rufu. Wato kwana huɗu ke nan Baba yana biyan buƙatarsa ƙofa a wangale, ɗansa na tsaye ya juya baya, matar ɗan nasa na wucewa da kwanuka. Kunya ta rufe Auta, ta ji haushin kansu su duka.

"Zo ka gwada," ta ce wa Yaya.

Ya cusa tumbinsa cikin keken, ya yi ta kokawa da ƙyaure har gumi ya keto masa. Ya saki ƙyauren. Can ya ce, "Sai dai a kira magini a ja bangon baya."

"A rushe me? Ɗauko min akwatin kayan aikin Baba."

Ba a banza ta tashi a shagonsa tana riƙe masa katako ba. Ta kwance ƙyauren, ta ɓamɓare siririn katakon da yake tokara in an rufe, ta matsar da shi ciki, ta mayar da hinji, ƙarafan da ƙyaure yake juyawa a kansu, gefen waje. Ta ƙara na uku a tsakiya, don ƙyaure mai faɗi nauyi gare shi, biyu ba sa riƙe shi ya daɗe. Sai ta koma kan keken ta miƙa hannu, inda yatsunta suka kai ta yi alama da fensir, nan ta kafa dogon mariƙi da zai jawo ƙofar da shi. Sakata ma ta sauko da ita daidai kafaɗar mai zaune.

"Har da sakata?" in ji Yaya. "In ya faɗi a ciki fa?"

"Gajerun ƙusoshi na sa mata. Fizga ɗaya ta ɓalle, tumbin nan ma ya isa. Kuma tunda waje take buɗewa, jikinsa ba zai tare mana ƙofa ba."

Ƙarar guduma ta tashi Baba. Yaya ya taimaka masa ya hau keken, ya turo kansa har bakin banɗaki yana ɗaure da fuska. Ya buɗe ƙyauren, ya rufe, ya bi hinjin da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya sa na tsakiyar nan?"

"Ni ce, Baba."

"Ya ɗan karkace."

Ya shige. Hannunsa ya sami mariƙin ba tare da lalube ba, ƙyaure ya biyo shi, suka ji sakata ta shiga, ƙaras. Yaya ya kau da kai yana murza ido, wai ƙurar katako ce.

Da Baba ya fito bai kalli kowa ba. Ya gyara hularsa, ya yi gyaran murya.

"Ke Auta, gidan nan ba a ba mutum ruwa ne?"

Ta kawo jug ɗin ruwa gaba ɗaya. Ya shanye kofi biyu, ya sake miƙo mata kofin.